Mai Gona, Mai Ganga, Mai Suna: Ƙananan Manoman Inabi na Faransa

 

Na san akwai waɗanda za su yi turus da ganin kanun wannan mako, su ce ina ruwan biri da gada, ina ruwanmu da giyar Faransawa. Suna da hujja. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, hukuncinta a wurin Musulmi kuma sananne ne, ba ya bukatar ƙari daga gare ni. Abin da ya ja hankalina shi ne manomin da ke bayan kwalbar, mai 'yar gonar da ba ta taka kara ta karya ba, wanda ya shafe fiye da shekara 100 yana kokawa da attajiri da dillali da mai algus a kan tambaya guda: wa ke da haƙƙin cin moriyar sunan abin da ƙasarsa ta fitar? Da wuya a sami sana'ar noman da aka yi wannan rigima a kanta a fili, har aka zubar da jini, aka rubuta dokoki daki-daki, kamar noman inabi a Faransa.

Shekarun baya wani kwas na 'yan makonni ya kai ni birnin Dijon da ke gabashin Faransa, cikin watan Satumba, daidai lokacin tsinkar inabi. Wata Asabar mai masaukina ya ce in raka shi ƙauyen kawunsa, kudu da birnin, a kan hanyar Beaune. Muka tarar da dattijon a gona, hannuwansa sun yi kanta, ruwan inabi ya rina masa farata. Gonarsa duka-duka hekta huɗu ce, kuma ba a wuri ɗaya take ba, ƴanki-ƴanki ce a warwatse a gangaren tudu, wani yankin ma layuka kaɗan ne tsakanin layukan maƙwabta. Da aka tashi daga aiki ya sauka da mu wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, cike da gangunan katako. Ya zuba abin sha a kofi ya miƙo mini, na ce, "Baba, a yi mini afuwa, addinina bai yarda ba." Bai ɓata rai ba. Ya haura ya yanko mini nonon inabi guda, ya ce, "To, ɗana, ci shi tun bai zama abin da aka hana ka ba."

A zaman nan ya ba ni labarin gidansu. Kakansa ganga-ganga yake sayar da giyarsa ga wani babban ɗan kasuwa a gari, wanda ke haɗa ta da ta wasu, ya manna sunan kamfaninsa, ya sayar a ƙasashen waje da farashin da kakan bai taɓa jin labarinsa ba. Mahaifinsa ne ya fara zuba ta a kwalba da sunan gidan. Shi kuwa ya tarar sunan ya riga ya yi daraja. Na ce ashe shi ne ya ci gajiyar wahalarsu. Ya girgiza kai, ya ce darajar ce yanzu ke hana shi barci, domin ƙasar ta yi tsadar da 'ya'yansa ba za su iya gadonta ba. A lokacin ban fahimci maganar ba. Yaya mutum zai kasa gadon gonar ubansa saboda ta yi tsada? Neman amsar wannan tambaya ne ya kai ni ga tarihin da zan kawo muku.

Da farko ya kamata mu bambance masu wannan sana'a, domin kashi uku ne. Akwai manyan 'yan kasuwa da ke sayen inabi ko giyar da ba a gama sarrafawa ba daga manoma da yawa, su gauraya, su sayar da sunansu. Akwai ƙungiyoyin gama kai, inda manoman ƙauye ke kai amfaninsu wuri guda a sarrafa tare. Ɗaya daga cikin na farko an kafa ta a ƙauyen Maraussan da ke kudancin ƙasar a 1901. Sannan akwai manomi mai zaman kansa, wanda shi ke noma inabinsa, ya tsinka, ya matse, ya tsima ruwan a gangunansa, ya zuba a kwalba, ya sayar da sunansa. Waɗannan suna da ƙungiyarsu tun 1976, mai suna Vignerons Indépendants de France, mai membobi wajen 7,000, tambarinta kuwa hoton mutum ne ɗauke da ganga a kafaɗa.

Idan aka ce aikin hannu ne, ba kirari ake yi ba. A yankin Bourgogne, inda dattijon nan yake, ana dasa kuringa wajen 10,000 a hekta guda. Mai hekta huɗu ke nan yana da gindi 40,000, kowanne sai an bi shi da almakashi a tsakiyar hunturu an datse masa rassa, an ɗaure wanda aka bari a jikin waya. Sabon dashe ba ya ba da amfanin kirki sai ya shekara uku. Da bazara a rage toho, a yi feshin maganin cuta, a yi ta duban sama ana fargabar ƙanƙara. Da kaka a tara dangi da 'yan ƙodago da ɗalibai a tsinke cikin 'yan kwanaki, domin jinkirin mako guda na iya sauya amfanin shekara. Gangar yankin tana cin lita 228, wato kwalba wajen 300, kuma akwai yankin gonar da ganga biyu ko uku kawai yake bayarwa a shekara.

Tarihin rigimar ya faro ne daga wani mitsitsin ƙwaro dangin darɓa, mai suna phylloxera, wanda ya shigo Turai daga Amurka a jikin dashen da aka yi safararsa. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863, kuma a 1868 masanin tsirrai Jules-Émile Planchon ya gano cewa saiwa yake tsotsa har kuringa ta bushe. Abin da ƙasar ke samarwa ya faɗo daga lita biliyan 8 da ɗoriya a 1875 zuwa ƙasa da biliyan 2 da rabi a 1889. An gwada magunguna iri-iri, har da malale gonaki da ruwa. Daga bisani aka tsaya a kan abin da masu lambun mangwaro suka sani sarai, wato aure: a ɗauko gindin kuringar Amurka mai jure wa ƙwaron, a aura masa reshen irin Faransa. Har yau kusan duk kuringar Faransa a kan saiwar Amurka take tsaye.

A shekarun da gonaki suka mutu, kasuwa ba ta mutu ba, sai masu algus suka cike giɓin. Aka riƙa shigo da busasshen inabi daga Girka da Turkiyya ana jiƙawa, ana zuba sukarin gwoza da ruwa a tukuɗin da aka riga aka matse, ana ƙara launi, ana sayarwa da sunan giya. Abin ya kai ga majalisa ta yi doka a 1889 don ta fayyace cewa ba a kiran wani abu giyar inabi sai wanda aka yi da ɗanyen inabi. Da gonakin suka farfaɗo, masu jabu ba su daina ba, ga kuma giyar Aljeriya da ke ƙarƙashin mulkin mallaka tana kwararowa. Kaya ya yi yawa, farashi ya karye, manomin kudu ya wayi gari abin da yake samu bai kai kuɗin aikin gonarsa ba.

A ranar 11 ga Maris 1907 wani manomi mai 'yar mashaya a ƙauyen Argeliers, Marcelin Albert, ya jagoranci mutum 87 suka taka zuwa Narbonne don kai koke. Kowace Lahadi taron sai ƙaruwa yake yi daga wannan gari zuwa wancan, har ranar 9 ga Yuni fiye da mutum 500,000 suka cika birnin Montpellier. Magajin garin Narbonne, Ernest Ferroul, ya ajiye muƙaminsa, ɗaruruwan magadan gari suka bi sahunsa, aka yi shelar daina biyan haraji. Firaminista Georges Clemenceau ya aika da sojoji. A ranakun 19 da 20 ga Yuni aka buɗe wuta a Narbonne, aƙalla mutum shida suka mutu, cikinsu har da wata budurwa 'yar shekara 20. Da labarin ya isa ga sojojin runduna ta 17, waɗanda yawancinsu 'ya'yan yankin ne, wajen 500 daga cikinsu suka yi tawaye, suka taka zuwa Béziers suka haɗe da jama'a. Daga baya an tura su Gafsa a Tunisiya don horo. Shi kuwa Albert ya je Faris ya gana da Clemenceau, wanda ya ba shi faran 100 kuɗin jirgin komawa gida, sannan ya bari labarin ya isa ga 'yan jarida. Mutanen da suka ɗauke shi a kafaɗa jiya suka ce an saye shi, ya ƙare rayuwarsa a wulaƙance. Duk da haka a ranar 29 ga Yuni aka yi dokar da ta hana tsarma ruwa, ta taƙaita amfani da sukari, ta wajabta wa kowane manomi bayyana yawan abin da ya girba.

Shekara huɗu bayan haka wutar ta kama a arewa, a yankin Champagne, wanda bakin mutanenmu ya mayar da sunan abin shansa shamfen. A can wasu manyan gidajen kasuwanci ne ke sayo giya mai araha daga wasu yankuna, su sarrafa, su manna mata sunan Champagne, alhali manoman yankin na zaune da nasu inabin ba mai saye da daraja. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. A watan Afrilun 1911 manoma suka afka wa garin Aÿ, suka fasa ganguna, suka ƙona gidajen 'yan kasuwar da suke zargi, sai da aka kawo dubban sojoji. A lokaci guda manoman lardin Aube na tasu zanga-zangar, domin iyakar da gwamnati ta shata a 1908 ta fitar da su daga yankin. Sai a 1927 doka ta mayar da su ciki. Wannan ya nuna tun da wuri cewa duk inda aka ja layi don kare wani, akwai wanda layin zai bari a waje.

Daga waɗannan tarzomomi aka fahimci cewa hana algus kaɗai bai wadatar ba. Mutum na iya dasa iri maras kyau a wuri mai suna, ya tatsi gonar iya tatsa, ya sayar da sunan wurin ba tare da ya yi ƙarya ba. A 1923 manoman Châteauneuf-du-Pape, ƙarƙashin jagorancin wani lauya kuma manomi, Baron Pierre Le Roy, suka zauna suka rubuta wa kansu ƙa'idoji: ga ƙasar da ta cancanta, ga irin da za a dasa, ga yadda za a ware ruɓaɓɓen inabi. Sanata Joseph Capus ya ɗauki wannan tunani zuwa majalisa, ya zama dokar 30 ga Yuli 1935, wadda ta kafa tsarin da ake kira AOC da kwamitin da daga baya ya zama hukumar INAO. A 1936 aka amince da sunayen farko, irin su Châteauneuf-du-Pape, Arbois, Tavel, Cassis da Monbazillac. A yau sunayen giya da ke ƙarƙashin tsarin sun haura 350.

Abin lura a wannan doka shi ne, sunan wuri ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Ba a sayar da shi, ba a ɗauke shi a kai wani gari. Duk wanda ke noma a cikin iyakar, ya kuma bi ƙa'idar, yana da haƙƙi a kansa, ko mai hekta ɗaya ne ko mai ɗari. Ƙa'idar kuwa manoman ne ke tsara ta, hukuma ta tantance ta sa hannu, masu bincike su bi gona-gona. Tana ƙayyade iri, da tazarar dashe, da yawan abin da za a girba a hekta, wani wurin har da hanyar girbi: a Champagne doka ba ta yarda a tsinki inabi da inji ba. Manomi ya amince ya girbi kaɗan don abin da ya girba ya yi daraja, ya kuma amince a hukunta shi idan ya saɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai kowane hannu ya yarda a duba ko da gaske yake ɗagawa.

A daidai waɗannan shekaru wasu manoman Bourgogne, irin su Marquis d'Angerville na Volnay, Henri Gouges na Nuits-Saint-Georges da Armand Rousseau na Gevrey-Chambertin, suka fara zuba giyarsu a kwalba da kansu. Wasunsu ba don sha'awa suka fara ba. Sun fito fili sun soki 'yan kasuwar da ke gauraya giyar yankin da ta wasu wurare, 'yan kasuwar suka juya musu baya, ya zama ba su da mafita sai su nemi masu saye kai tsaye. Abin da ya faro a matsayin horo shi ne ya zama tafarkin da mahaifin dattijon nan ya bi daga baya, ya kuma zama ginshiƙin abin da duniya ke yabawa a yau.

Faransawa na da kalma guda da suke taƙama da ita, terroir, wadda ta haɗa ƙasa da yanayi da fuskar da gangare ke kallo da kuma ilimin mutanen da suka daɗe suna noma wurin. Manomin da ya san dawar jigawa daban take da ta fadama ba zai yi mamakin wannan ba. Sufayen Kirista na gidan ibadar Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, sun shafe ƙarnoni suna lura da wane yanki ke ba da me, suna kewaye su da katangar dutse. Ɗaya daga cikin gonakinsu, Clos de Vougeot, mai hekta wajen 50, an ƙwace ta lokacin juyin juya halin Faransa aka sayar, a yau kuma masu ita sun kai wajen 80. Dokar gado ta 1804 ta wajabta raba dukiya tsakanin 'ya'ya, shi ya sa gonakin yankin suka zama ƴanki-ƴanki kamar na mai masaukinmu. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya waɗannan yankunan gonaki, su 1,247 kowanne da sunansa, cikin kayan tarihin duniya.

To, sai dai kowane allazi da nasa amanu. Bayan yaƙin duniya na biyu takin zamani da maganin ciyawa da injuna suka mamaye gonaki, a ɗakin sarrafawa kuma aka saba da yis na kamfani da ƙarin sukari da farar wuta mai yawa. Duk wannan bai saɓa wa ƙa'idar AOC ba. Wani masanin kimiyya kuma ɗan kasuwar giya a yankin Beaujolais, Jules Chauvet, wanda ya rasu a 1989, ya daɗe yana nuna cewa ana iya yi ba tare da yawancin waɗannan ba idan inabin lafiyayye ne. Marcel Lapierre na Villié-Morgon da wasu abokansa suka bi shawararsa tun farkon shekarun 1980, daga nan aka sami tafiyar masu cewa a bar inabi ya yi aikinsa. Matsalar ita ce, a lokacin, kafin a ba giya sunan yankinta, akwai kwamitin masu ɗanɗano da ke tabbatar da ta yi kama da abin da aka sani. Giyar wasu daga cikin waɗannan manoma ta sha faɗuwa a wannan jarrabawa. Da yawa suka fice daga tsarin, suka koma sayarwa da suna mafi ƙasƙanci, Vin de France, wanda bai ba su damar ambaton ƙauyensu ba.

Shari'u biyu na 2014 sun fito da wannan sarƙaƙiya. Olivier Cousin, manomin da ke huɗa da dawaki a yankin Anjou, ya fice daga tsarin amma ya ci gaba da rubuta Anjou a kwalabensa, bisa hujjar cewa a nan yake noma. Kotu a Angers ta same shi da laifi, ko da yake ba ta yi masa horo ba. Shi kuwa Emmanuel Giboulot na kusa da Beaune ya ƙi bin umarnin feshin maganin ƙwari da hukuma ta wajabta don daƙile wata cutar kuringa mai yaɗuwa. Aka ci shi tarar Yuro 1,000, aka jingine rabi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a ƙarshen shekarar. Zuciyata ta fi karkata ga waɗannan manoma, amma adalci ya sa in faɗi cewa ɗaya ɓangaren ma yana da magana. Idan kowa zai rubuta sunan yanki ba tare da bin ƙa'idarsa ba, an koma 1907. Idan kuma cuta ta tsallaka daga gonar wanda ya ƙi feshi, maƙwabcinsa ne zai yi asara. Aibin tsarin a ganina shi ne ya fi tsananta bincike a kan kamannin ɗanɗano fiye da lafiyar ƙasar da ya ce yana karewa.

Yanzu mu koma ga damuwar dattijon nan. Da sunan ya yi daraja, ƙasar da ke ɗauke da shi ta zama kadarar da masu biliyoyi ke rububi. A 2014 kamfanin LVMH ya sayi gonar Clos des Lambrays. A 2017 attajiri François Pinault ya sayi maƙwabciyarta Clos de Tart, mai hekta bakwai da rabi, a kan kuɗin da jaridu suka ce ya haura Yuro miliyan 200. A Champagne matsakaicin farashin hekta ya zarce Yuro miliyan ɗaya. Ana lissafa harajin gado ne bisa darajar ƙasa a kasuwa, ko da yake akwai rangwame, alhali abin da gonar ke bayarwa a shekara bai kusanci wannan daraja ba. Sannan ɗan da ya zauna yana noma sai ya biya 'yan'uwansa da suka koma birni kasonsu. Ta haka iyali ke wayar gari attajirai a takarda, amma sai sun sayar da wani yanki kafin su riƙe sauran. A Champagne manoma wajen 16,000 ne ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na gonaki, amma manyan gidajen kasuwanci ne ke sayar da kusan kashi 70 na kwalabe. Mai saye da ke son sanin wanda ya yi sai ya duba ƙananan haruffa a takardar kwalbar: RM na nufin manomin ne da kansa, NM kuwa ɗan kasuwa ne mai sayen inabi.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda sunan bai cece su ba. A farkon shekarun 1960 abin da kowane Bafaranshe ke sha a shekara, bisa matsakaicin lissafi, ya haura lita 100. Har zuwa 1956 ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abincin makaranta. Yau adadin ya sauko zuwa wajen lita 40, dokar Évin ta 1991 kuma ta taƙaita tallar barasa. Ba zan yi kukan wannan raguwa ba, likitocin Faransa ma ba sa yi. Amma wanda ya fara jin ta a jikinsa shi ne ƙaramin manomi. A sassan Bordeaux marasa shahara hekta ba ta kai Yuro 10,000 ba. A 2023 aka fara biyan manoman yankin Yuro 6,000 a kowace hekta don su tumɓuke kuringarsu, gwamnati ta kuma ware Yuro miliyan 200 don mayar da giyar da ta yi kwantai sinadarin masana'antu. A 2024 aka faɗaɗa shirin tumɓukewar zuwa ƙasa baki ɗaya a kan Yuro 4,000. Ga sauyin yanayi: a Beaune akwai bayanan ranakun girbi tun 1354, sun kuma nuna cewa daga 1988 girbi ya matso da kusan mako biyu. Kuringa na toho da wuri, sanyin Afrilu ya daskarar da tohon, kamar yadda ya faru a 2021, lokacin da manoma suka kwana suna kunna kyandirori a tsakanin layuka. Babban kamfani na da gonaki a yankuna da ƙasashe da yawa, mai hekta huɗu kuwa dare ɗaya ya ishe shi.

Wannan tsari bai tsaya a kan giya ba, a nan ne kuma ya shafe mu. Cukuin Roquefort ya sami kariyar suna tun 1925, kajin Bresse a 1957, Tarayyar Turai kuma ta ɗauki tsarin a 1992. A Afirka hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta fara irin wannan rajista a 2013 da masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziama-Macenta na Gini. Daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar suka shiga jerin. Nijeriya ba ta cikin wannan hukuma. Mun kuwa san ɗacin rasa suna tun kafin Faransawa su yi dokarsu: fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara ƙarni bayan ƙarni, ta isa Turai, aka san ta da sunan fatar Maroko.

Abin da na ɗauka daga tarihin manoman Faransa shi ne, takardar rajista ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Su manoman ne suka fara rubuta wa kansu ƙa'ida, shekara 12 kafin gwamnati ta mayar da ita doka, suka kuma yarda a kama na cikinsu idan ya yi algus. Duk ƙungiyar masu kilishi ko masu albasa ko majema da ke son sunanta ya yi daraja, sai ta amsa tambayoyin da suka amsa: ina iyakar take, wa za a bari a waje, wa zai yi bincike, wa zai biya shi. Sannan ta yi tanadin abin da su ba su hango ba, wato barin ƙofa ga mai sabuwar dabara, da kare ɗan manomi ranar da ƙasar ubansa ta fi ƙarfin aljihunsa.

Bara mai masaukina ya rubuto mini cewa kawun nasa ya rasu. Cikin 'ya'yansa uku, 'yar autar ce ta karɓi gonar. Sun sayar da yanki guda, mafi daraja, don a biya haraji a kuma sallami yayyenta biyu. Sauran yana hannunta, sunan gidan kuma yana nan a jikin kwalba.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.